Gudumar Baffa

Baffa ƙanen mahaifina ne, kuma shekara arba'in ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Makanike ne wanda ba shi da shago, sai inuwar katanga da wani tsohon kwali da yake shimfiɗawa. Kullum akwai 'yar guduma a aljihunsa. Bai yarda da fenti ba. Cewa yake mota kamar kankana ce, sai ka ƙwanƙwasa za ka san cikinta.

Da na samu aikin zagaya gonaki, sai na nemi ƙaramar jif ta hannu, irin mai shiga daji. Na ga wata ja tana ta sheƙi, raina ya biya. Na tafi wajen dillali da Baffa da abokan aikina biyu. Ina cikin shafa kujeru, sai na hango ƙafafun Baffa sun leƙo daga ƙarƙashin motar, silifas ɗinsa ɗaya ɗaure da waya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Abokaina suka fara ƙunshe dariya.

Dillali ya ce, "Yallaɓai, tsohon nan zai kankare mini fenti fa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuya na ce, "Haba Baffa, ya isa haka."

Ya ce, "Ɗana, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya bai amsa ba. Tsatsa ce aka rufe da baƙin fenti."

Ni kuma, uban sani, na ce, "Motocin yanzu ba irin naku ba ne. Tashi, ana kallonmu."

Ya fito, ya karkaɗe rigarsa, ya naɗe kwalinsa ya tafi. Ni kuwa na saya.

Bayan wata biyu, ranar da aka kwana ana ruwa, na ɗauko matata da 'yarmu muka bi hanyar gona. Wani rami muka faɗa da bai taka kara ya karya ba. Sai muka ji ƙara, ƙafar baya ta goce, motar ta kwanta a gefen hanya. Goshin 'yata ya fashe. Har yau in ta ɗaga ɗankwali ta nuna tabon, kau da kai nake yi.

Wa zan kira in ba shi ba? Ya zo a babur. Jikarsa ya fara dubawa, ya sa aka tafi da ita da uwarta asibiti, sannan ya shimfiɗa kwalinsa a laka ya shiga. Ko gudumar bai ciro ba. Da babban yatsa ya danna ƙarfen, ya ɓurme.

Mutane sun taru ta ko'ina. Baffa ya leƙo da kansa, ya dube su, ya dube ni, ya ce a hankali, "Ɗana, ana kallonmu. In tashi?"

Na tuɓe babbar rigata, na rarrafa na kwanta kusa da shi a cikin lakar.