Ciwon Ƙirjin da Awo Bai Nuna Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, mu huɗu, jaka cike da takardun tambayoyi. Bincikenmu a kan mutanen da jikinsu ke ciwo ne, an auna a asibiti ba a ga komai ba, musamman waɗanda suka tsere wa 'yan bindiga.

A Wurno muka karya da masa mai zafi. Tafarnuwa kuwa araha kamar kyauta, direbanmu ya jibga buhu guda a bayan mota, muka yi ta shaƙa ba shiri.

Garin Rabah ya ba ni haushi, amma laifinmu ne. Mun baje a zauren mai unguwa, jama'a sun kewaye mu, ina riƙe da biro ina tambaya ko mutum yana cikin damuwa. Kowa amsarsa ɗaya: "Lahiya lau, mun gode Allah."

Da muka isa Goronyo raina ya yi fari. Fadama kore shar a ƙasan dam, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce in ajiye biro in bi matan garin zuwa rumfar da suke gyaran albasa. Nan na zauna da wuƙa kusa da wata mata, Inna Kulu. Sai da muka cika kwando ta fara magana. Tun da suka gudo daga ƙauyensu ƙirjinta ke zafi, ƙafafu suna mutuwa. Sau uku ana awo, ba komai. Maigidanta ya ce son jiki ne, kuma wannan ya fi ciwon cin ta.

Na ce mata tun daga Wurno ma'aikatan asibiti ke ba mu labarin masu irinsa, firgici yakan sauka a jiki.

"Ɗiyata, ki hwaɗa mai da bakinki," in ji ta.

Da la'asar muka same shi bakin rafi, ni da ma'aikaciyar, na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon ruwa.

"To mi za a yi? Ni ma haka nike ji. Ban dai hwaɗi ba."

Kashegari muka dawo gida, na gaji amma zuciyata wasai. Na koyi cewa tambaya ma tana da wurin zamanta. Kafin mu taso, na hango Inna Kulu da maigidanta a bencin asibiti suna jiran a kira su.