Ganyen da Na Ba Awaki a Mayo

Ni ne na yi kuskure. 'Yar ƙanwata, wadda ta karanci ilimin tsirrai, ta shuka wani ganye mai kama da jarjir, ganyen da muke ci ɗanye, a bayan gidana a unguwar Mayo, inda a da ake fasa tsofaffin batira ana ciro dalma. Ta ce kada mutum ko dabba ya ci. Na ga ya yi kore shar, na yanka wa awakin da jikokina ke shan nononsu, na kuma ce mata gaban mutane boko ya koya mata ɓarna. Ta ce kawai in zo wurin aikinta a Umdurman da ganye da saiwa.

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da maƙwabcina. Hafila, motar haya, ta cika har ƙofa, wata tsohuwa ta ɗora mini kajinta a cinya kamar ni ta haifa. Bisa gada na kalli Nilu, fari da shuɗi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kusa da Kasuwar Libiya muka ci ful, dafaffen wake, mai ya yi ƙaranci, barkono ya cike gurbin. Daga nan raksha, keke mai ƙafa uku, ta kai mu wurinta.

'Yar ƙanwata ta jiƙa saiwar da wani ruwan gwaji. Nan take ta yi ja.

"Dalma ke nan, Kawu."

Sai ta ɓare fatar ganyen, ta sa a madubin ƙara girma. Na ga ɗakuna jere kamar bulo, kowanne da jakar ruwa a ciki. Ta ce da dalma ta shiga, tsiron kan saƙa wani ɗan zare mai farar wuta, ya cafke ta, ya kai ta jakar ya rufe. Shi ya sa ba ya mutuwa. Yana zuƙe dafin ƙasata ne, a tuge shi a kai nesa. Na daɗe ban ɗago ba, ina tasbihi. Shekara sittin ina auna lafiyar ganye da korensa.

"Akuya ba ta da wannan jakar," in ji ta. "Yara ma haka."

Girman kai ya hana ni ba ta haƙuri har na dawo Mayo. Na zubar da nonon, na sa a kai yaran gwajin jini. Sannan na tara waɗanda suka ji zagin, na kira ta a waya, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"'Yata, kin faɗa mini, na ƙi ji, na kuma ci mutuncinki. Ki yafe mini."