Safiyar da na ƙone muryar masunci

Na gyara rediyo da wayoyi ba iyaka a rumfata ta kasuwar Yelwa, yawancinsu ma sun ɓace mini, amma akwai wata safiya ta damina da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba.

Lokacin ban daɗe da sayo sabuwar na'urar liƙin dalma ba, irin mai riƙe zafin da ka saita mata, da 'yan jajayen lambobi a goshinta. Kafin ita, ƙarfe nake cusawa cikin gawayi, in ciro in kusanto da shi kumatuna in ji zafinsa, sannan in yi maza in liƙa kafin ya huce. Na yi shekara da shekaru a haka, har hannuna ya saba da cewa zafi guduwa yake yi, sai ka tara shi da yawa. Ita kuwa sabuwar mafarki take sa ni ido biyu. Siririn hayaƙinta ya tashi, in bi shi da kallo, sai in ga kaina a babban shago bakin tafki, na haɗa rediyon da nake gaisawa da mutanen ƙasashen da ban taɓa takawa ba, muryata na tafiya bisa ruwa kamar kwalekwale.

Ina cikin wannan wata dattijuwa daga Wara ta zauna a bencina, zanenta da danshin jirgin ruwa. Ta kwance haɓar zanen ta ciro 'yar waya da ta daina kamawa. Ta ce mijinta masunci ne, ruwa ya ci shi bara, kuma a cikin wayar akwai waƙar da yakan rera yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, da kansa ya ɗauka. Kullum da hantsi take kunnawa.

Na buɗe, na ga aikin bai taka kara ya karya ba. Ƙafar wani ɗan ƙarfe ce ta saki daga liƙinta kusa da 'yar ƙwayar da ke ajiye sauti. Na ce mata kafin ta gama hutawa an gama.

Na'urar tana kan zafin da ya dace, amma raina bai yarda da lambobi ba. Na kai bakinta kusa da kumatuna, na ji kamar bai isa ba, na murɗa har ƙarshe. Na manta wannan ba ta hucewa. Na danna, rabin hankalina yana can shagon bakin tafki. Ƙauri ne ya dawo da ni. Ƙwayar ta kumbura, ta tsage.

Na yi ta fama har azahar, a banza. Ƙarya ta zo mini baki, in ce dama can ta lalace, amma na kasa. Na faɗa mata ni na ƙone.

Ta daɗe tana kallon wayar. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ta ƙulle ta a haɓar zane kamar yadda ta kawo ta, ta ce, "Ba komi, ɗana. Ruwa ya ɗauke shi ya bar min muryatai. Yau ita ma ta bi shi."

Tun ranar na san sabon kayan aiki ba ya gyara tsohon hali. Kuma duk abin da aka miƙo mini, sai na tambayi abin da ke cikinsa, in tattaro hankalina wuri ɗaya, kafin in kai masa wuta.