Alli a Aljihuna

Sanƙarau ya tafi da jina ina da shekara talatin da 'yan kai. Duk da haka ban daina zuwa taron manoman rani ba. A wani ajin firamare a Kura ake yinsa, a nan ake raba ranakun da kowane layi zai sha ruwan kanal. Nakan zauna a bencin gaba ina kallon bakin shugaba. Da ya juya wajen taga, magana ta ɓace mini. Idan aka yi dariya sai in ga kafaɗu suna rawa, ni ma in murmusa don kada a ce na ɓata rai.

Da farko maƙwabcin gonata yakan tsaya ya nuna mini da yatsu. Daga baya ya gaji. Ban riƙe shi a raina ba.

Wata shekara aka sauya ranakun saboda gyaran ƙofar ruwa. An faɗa a taro, an faɗa a rediyo, an zaga da lasifika. Ni kuwa ranar Laraba na saɓa fartanya, na tarar da kanal a bushe. Ashe layinmu ya sha tun Lahadi. Tumatirina yana fure a lokacin, rabinsa ya zube.

Ina zaune a kan kunya sai malamin gona, wani mutumin Bunkure, ya tsayar da babur. Ya yi magana, na nuna masa kunnena. Ya tsuguna ya rubuta a ƙasa da tsinke: "Malam, kana karatu?"

Na ce, "Boko da ajami duka."

Ya miƙe ya hau babur ɗinsa.

A taro na gaba ya zo da alli. Duk abin da aka yanke sai ya rubuta a allo, wasu suna duba agogo, bai kula ba. Da wayar hannu ta iso ƙauyenmu ya riƙa turo mini saƙo: "Ruwanku Talata da safe." Shekara uku ban rasa ruwa ba.

Sai aka mayar da shi Kadawa. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma bai san da ni ba, ni kuma na ji nauyin roƙo.

Na koma zuwa da alli a aljihuna. Kafin a buɗe taro da addu'a nakan ajiye shi a kan tebur in zauna. Wata rana sakatare ya ɗauka, wata rana ya bar shi a nan. Idan aka tashi, sai in ja kekena in bi bakin kanal zuwa gida.