Ƙwaryar Hajo da Basillar Almu

Almu Gyartai bai iya zama hannu sake ba. Ko hira ake yi a zaure, yatsunsa na kan cinya suna murza zaren kaba. Daga wani ƙauye na wajen Kaita ya shigo Katsina yana saurayi, ya sami ɗaki a Ƙofar Guga, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana bin lunguna da jakar fata a kafaɗa. Mata su miƙo fasassun ƙore ta bakin zaure, ya huda da basilla, ya ɗinke, a zuba ruwa a gani ko ɗigo babu.

Shekarar da aka raba wa ma'aikatan gwamnati kuɗin ƙarin albashi na Udoji, kasuwa ta cika da kwanonin samira da robobi. Ƙwarya in ta fashe sai bola. Almu kan zaga daga Guga zuwa 'Yandaka ya dawo, basilla ba ta fito daga jaka ba. Maƙwabtansa suka koma leburanci a sababbin gine-gine, suna dawowa da rediyo a hannu. Matarsa Indo ta ce, "Malam, kowa ya tashi, kai kana zaune kana jiran ƙwarya ta fashe."

Ana haka Malam Sada ya aiko masa. Shi ne mai kula da wani ɗan ɗakin kayan tarihi a cikin gari, ya kuma shirya taron masu sana'ar hannu ranar Asabar: maƙera, dukawa, masaƙa, kowa ya nuna wa jama'a aikinsa. Wani babban jami'i zai zo daga Kaduna. In ya gamsu, za a ba kowannensu rumfa a harabar, ya riƙa koyarwa duk mako. Almu ya gane cewa in rumfar nan ta kuɓuce, sai dai ya rataye jaka ya bi 'yan siminti.

Ranar taron, da ya idar da sallar asuba bai koma gida ba, sai ya wuce ɗakin kayan tarihin. Ya iske maigadi ya buɗe ƙofofi yana shara. Ya zauna, ya tashi, ya zaga rumfuna, ya leƙa ɗakin. A kan teburi an aje wata babbar ƙwarya mai zanen wuta, ta tsage daga baki har kusan gindi, ga 'yar takarda a gefe da rubutun boko wanda bai iya karantawa ba. Ya fita ya dawo sau uku. A na ukun ya yanke cewa ai ba a kiran gyartai a aje fasasshiyar ƙwarya sai don shi. Ya zauna a ƙasa ya ciro basilla.

Hantsi ya ɗaga lokacin da Malam Sada ya faka babur. Ya shiga ya fito da ƙwaryar a ɗinke.

"Almu! Wa ya sa ka?"

"Ranka shi daɗe, ba ni aka aje ma ita ba? Zuba ruwa ka gani."

"Ruwan me? Shekararta tamanin! Kayan tarihi ne, yadda aka same su ake barin su. Warware mani ita yanzu."

"In na warware, hudar basilla na nan, arba'in da biyu."

Tanko baduku, da ke shimfiɗa fatunsa a rumfar kusa, ya ce, "An ce gyartai ya ci sarauta. Namu ko naɗin bai jira ba."

Ba a samu damar ɓoye ta ba, don mutane sun fara shigowa, motar baƙon ma ta iso. Cikin mata akwai Hajo, wata tsohuwa ta Ƙofar Durbi, wadda ita ta ba da ƙwaryar, gadon kakarta. Ta karɓe ta daga hannun Malam Sada, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ta ɗaga ta a rana.

"To, alhamdu lillahi. Ni dai don ta fashe na ba ku. Tun da ta gyaru, a ba ni abata, in tahi in dama hura."

"Iya, an riga an rubuta ta a littahi."

"Sai ka goge, ɗan nan."

Ta aza ta a ka ta fice, baƙon Kaduna yana kallo. Ya yi dariya, amma da ya zo sa hannu a takardar waɗanda za a ba rumfa, sunan Almu ba ya cikin waɗanda Malam Sada ya miƙa.

Ranar Litinin Almu ya bi 'yan siminti. Asabar ta gaba kuwa ya dawo ya zauna a gindin dalbejiyar da ke waje da ƙofar harabar, inda ikon Malam Sada bai kai ba. Mata uku 'yan Ƙofar Durbi suka zo da ƙore, Hajo ta turo su. Ya yi shekara shida a haka, kwana biyar yana ɗaukar bulo, ranar Asabar yana ɗinki. Maigadi na da umarnin kada ya bari ya kusanci ɗakin, musamman da yake an kawo wani tsohon akushi mai tsaga a baki.