Umma ta ƙara min

Ina shara na tsinci littafin 'yata Zulai. Likita ne ya sa ta riƙa rubuta abin da ta ci, saboda ƙiba da hawan jini. Da girmana na koyi karatu, a hankali na bi layukan.

"Litinin: malmala biyu, Umma ta ƙara min." Talata ma haka. Gabana ya faɗi.

Na ce, "Zulai, me ya hana ki ce kin ƙoshi?"

Ta ce, "Umma, in na rage, ke ma kasa cin naki kike yi."

Gobe tare za mu taka da ƙafa zuwa Kawo, don motsa jiki. Amma har yanzu ganin sauran tuwo a kwanonta yana tayar min da hankali. Iyaye mata, ya kuke daurewa?