Na'urar da ta kusa hana Baba aikin hajji

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da wayona ya kusa hana mahaifina tafiya Makka ba.

Lokacin ina jan wata tsohuwar fijo, mai kuwa ya yi tsada a N'Djamena. Sai wani bakanike a unguwar Farcha ya nuna min wani ɗan ƙarfe kamar akwatin ashana, ya ce maganaɗisu ne daga Turai, idan aka ɗaura shi a bututun mai, mota sai dai ta sansana fetur ta yi ta gudu. Har ya ƙara min da cewa nan gaba kaɗan da lantarki motoci za su riƙa tafiya. A garin da muke yin kwana uku ba wuta! Ni kuwa, shugaban masu ilimi, na gyaɗa kai na ce a ɗaura.

Kwana tara allurar mai tana tsakiya, ko motsi ba ta yi. Na cika unguwar Amriguébé da wa'azi, duk wanda na ga yana sayen man kwalba a bakin titi sai in tausaya masa.

Ranar tafiyar Baba, ya ce in kai shi ƙauyen Gaoui ya yi sallama da ƙanwarsa, daga can mu wuce filin jirgi. Ya tambaye ni ko akwai mai, na nuna masa allurar ina murmushi. A hanyar dawowa, rana tsaka, motar ta yi tari biyu ta mutu a inda babu gida ko ɗaya. Na tura kara cikin tanki, ya fito a bushe ƙayau. Ashe gwanin bakaniken nawa allurar kawai ya ƙulle.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Kakana daga Katsina ya taso da ƙafa zai je Makka, ya maƙale a garin nan. Ni ga jirgi yana jirana, ɗana zai maƙalar da ni da ilimin zamani.”

Ga shi shekara goma sha ɗaya yana tanadin wannan tafiya. Allah ya kawo wata akori-kura cike da tukwanen Gaoui, na tare ta ina roƙo da Hausa da Larabci. Haka Baba ya hau baya da farar babbar rigarsa, ya zauna tsakanin tuluna rungume da jakarsa. Ya isa filin jirgi ana kiran mutanen ƙarshe. Ni kuwa sai la'asar na samu wanda ya jawo ni gida.

Yanzu da nake jin labarin motocin lantarki, ban ƙaryata ba, ina ma fatan su zo. Amma tun daga ranar na koyi cewa duk abin da aka ce min yana aiki, ko daga ina ya fito, sai na buɗe tanki na duba da idona kafin in ɗauki wani a mota.